Ƙwayoyin gadon kifi marasa dangi, da kuɗin da ba ya isa gare su

A shekarar 2013 aka fitar da cikakken kundin gado, wato jerin duk haruffan DNA, na kifin zebra, wani ɗan mitsitsin kifi mai ratsi-ratsi da asalinsa daga rafukan Indiya da maƙwabtanta yake, wanda yau ya cika ɗakunan bincike na duniya. Cibiyar Sanger ta Ingila ce ta ja ragamar aikin, aka ƙirga ƙwayoyin gado sama da 26,000 a jikinsa. Amma lambar da ta zauna a bakin mutane ita ce 70, wato kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a wannan kifi. Tun daga lokacin, da wuya ka ji mai neman kuɗin bincike a kan kifi bai buɗe baki da ita ba. Ku ba mu kuɗi, kifi ya yi kama da mu, in mun gane ciwonsa mun gane namu.

Ban ƙi wannan ba, kuma an ci riba da shi ƙwarai a binciken ciwon daji da ciwon zuciya da na tsoka. Damuwata tana ga ragowar. Idan aka juya lissafin, kusan kashi 30 na ƙwayoyin gadon kifin zebra ba su da takwara bayyananna a jikin mutum. Dubbai ke nan. Wasu daga cikinsu ana samunsu a sauran dabbobi, mu ne muka rasa su. Wasu kuwa sai a kifaye kawai, wasu a zuriya ɗaya ta kifi, wasu ma a jinsi ɗaya tak. Ra'ayina shi ne a nan ne amfanin kifi a matsayinsa na kifi ya taru, kuma gwamnatoci da gidauniyoyin da ke biyan kuɗin kimiyya sun yi kuskure da suka bar wannan gefen ya zama na ganin dama.

Yana da kyau a san yadda ake gane aikin ƙwayar gado tun farko, domin daga nan matsalar ta faro. Ƙwayar gado wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin. Na'ura tana karanta haruffan, amma ba ta faɗin me furotin ɗin yake yi. Sai a ɗauki jerin haruffan a zuba a kwamfuta, ta duba rumbun bayanai ko akwai mai kama da shi a ɓera, ko ƙuda, ko yis, ko mutum. In ta samu, sai a ara masa suna da aikin wancan. In ba ta samu ba, sai a rubuta cewa ba a san aikinsa ba, a wuce. Kamar baƙo ne a bakin zaure: tambayar farko ita ce ɗan wane gida ne, in an san ubansa a ce ya shigo, in ba a sani ba ya yi ta tsayuwa a rana, ko da shi ne ya zo da saƙon da ake jira. Masana na kiran irin waɗannan marayu, kuma tun 1996 da aka karanta kundin gadon yis aka ga ba kaɗan ba ne.

To me ake samu idan wani ya daure ya tsaya a kan ɗaya daga cikinsu?

Ruwan tekun da ya kewaye Antatika yana sauka zuwa digiri 1.9 ƙasa da sifiri, gishirinsa ne ke hana shi daskarewa kafin nan. Jinin yawancin kifaye kuwa bai kai ruwan teku gishiri ba, yana daskarewa tun bai kai digiri ɗaya ƙasa da sifiri ba. A lissafi bai kamata a ga kifi a wurin ba. Amma akwai su jingim, kuma zuriya ɗaya da ake kira nototeniyoyid ce ta mamaye wurin. Wani matashin ɗalibi Ba'amurke, Arthur DeVries, ya je sansanin McMurdo a shekarun 1960, yana kama kifin ta ramin da aka huda a ƙanƙara yana ɗibar jininsa. A 1969 ya bayyana abin da ya gano: wani furotin ne a cikin jinin mai hana daskarewa. Yadda yake aiki abin kallo ne. Ba ya ɗumama jini, ba ya narkar da ƙanƙara. Da zarar ɗan ƙwayar ƙanƙara ta shiga jikin kifin, sai furotin ɗin ya manne a fuskarta, ya hana sabon ruwa samun wurin kamawa, ƙwayar ta tsaya a ƙanƙantarta. Gininsa kuma mai sauƙi ne har ya ba da mamaki, tubala uku ne ake ta maimaitawa, tiriyonin, alanin, alanin, da ɗan sukari rataye a jikin kowane tiriyonin.

Sai da aka shafe kusan shekara talatin kafin a san inda ƙwayar gadon wannan furotin ta fito. A 1997 ayarin Christina Cheng da DeVries a Jami'ar Illinois suka nuna cewa daga ƙwayar gadon wani furotin mai narkar da abinci a hanji aka yago ta. Farkon tsohuwar da ƙarshenta suna nan, sai wani ɗan guntu mai haruffa tara daga tsakiya da aka yi ta kwafewa har ya zama sabon abu mai aiki na daban. A shekarar dai suka lura da wani abu da ya fi wannan ɗaure kai. A can ɗaya ƙarshen duniya, a tekun Aktik, wasu kifaye 'yan gidan kod suna da furotin kusan iri ɗaya sak, da tubalan nan uku, alhali ba su haɗa kaka na kusa da kifayen Antatika ba, kuma tasu ƙwayar ba ta da wata alaƙa da furotin na hanji. Daga ina ta zo? Amsar ba ta fito ba sai a 2018 da 2019, daga masu bincike a Oslo da kuma ayarin Cheng: daga fili ta taso. Wani yanki ne na DNA da da ba ya ƙera komai, irin wanda aka daɗe ana yi wa kallon shara, a hankali ya tara abin da ake buƙata har ya zama ƙwayar gado mai rai.

Wannan ya taɓa wata tsohuwar fahimta. A 1970 Susumu Ohno ya kafa hujjar cewa sababbin ƙwayoyin gado daga kwafin tsofaffi suke fitowa, ɗaya ta ci gaba da tsohon aiki, ɗayar ta sami sarari ta koyi sabo. A 1977 François Jacob, wanda ya ci kyautar Nobel, ya tafi a kan cewa samuwar furotin mai aiki daga haruffan da ba su da tsari abu ne da kusan ba zai yiwu ba. Manyan malamai ne, kuma galibin maganarsu tana nan daram, kifaye ma shaida ne a kanta, tunda kakan mafi yawan kifayen yau ya ninka kundin gadonsa gaba ɗaya sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, 'yan gidan salmon suka sake ninkawa daga baya. Amma kifin kod ya nuna akwai wata ƙofar. Da a ce ƙa'idar ba da kuɗi ita ce sai abin da ke da takwara a jikin mutum, da babu wanda zai biya kuɗin jirgin DeVries.

Wani zai ce wannan ilimi ne na sha'awa, kifin ƙanƙara ba ya ciyar da kowa. To mu sauko kan wanda ake kiwo. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022, karo na farko a tarihi, dabbobin ruwa da aka kiwata sun fi waɗanda aka kamo yawa, tan miliyan 94.4, kashi 51 cikin ɗari. Mai kiwon kifi a ko'ina yake, abu biyu ne ke hana shi barci fiye da komai in ka cire tsadar abincin kifin: cuta, da kuma rabon maza da mata a cikin tafki. Dukansu biyun sun faɗo daidai inda kifi ya fi saɓa wa mutum.

A wajen mutum da kusan duk dabbobi masu shayarwa, ƙwaya ɗaya ce ke yanke hukuncin namiji, SRY, wadda aka gano a 1990. An nemi irinta a kifi an rasa. A 2002 masu bincike a Japan da Jamus suka gano ta kifin medaka, aka sa mata suna dmy, kwafi ce ta wata tsohuwar ƙwaya da ta koma sabon aiki. Murna ba ta daɗe ba, domin da aka duba 'yan uwan medaka na kusa, sai aka ga yawancinsu ba su da ita, wani ma wata ƙwayar daban yake amfani da ita. A 2012 ayarin Yann Guiguen a Faransa suka gano ta kifin tiraut, sdY, wadda ta fi kowace ban mamaki: asalinta guntun wata ƙwayar garkuwar jiki ce mai aikin yaƙi da cuta, ba ruwanta da haihuwa, kuma a gidan salmon, wanda tiraut ke cikinsa, kaɗai ake samunta. Ita kuwa karfasar Nilu, a yawancin irin da aka bincika wata ce daban, amhy. Kowace zuriya da tata dabarar.

Ga inda abin ya shafi aljihu. Namijin karfasa ya fi mace saurin girma, kuma in aka haɗa su a tafki ɗaya sai su yi ta haihuwa, tafkin ya cika da ƙanana marasa kasuwa. Shi ya sa gonaki da yawa a duniya suke zuba sinadarin namiji a cikin abincin 'ya'yan kifi na tsawon mako uku zuwa huɗu na farkon rayuwarsu, don su juye maza. Hanya ce mai aiki, amma akwai ƙasashen da suka taƙaita ta, kuma ma'aikacin da ke cuɗa abincin da ruwan da ake zubarwa duk suna cikin lissafi. Wanda ya san ƙwayar da ke yanke hukunci a irin kifinsa zai iya yanko ɗan guntun fiffike, ya gwada, ya zaɓi iyayen da 'ya'yansu za su fito maza ba tare da sinadari ba. Amma gwajin da ya yi aiki a salmon ba zai yi a karfasa ba, na karfasa ba zai yi a tarwaɗa ba. Kowanne sai an zauna an nemo nasa, kuma ba ɓeran ɗakin bincike da zai taya ka.

Haka batun cuta. An daɗe ana ɗauka cewa garkuwar jikin duk mai ƙashin baya tsari ɗaya ce. A 2011 da aka karanta kundin gadon kod na tekun Atlantika a Norwe, sai aka tarar babu wani babban reshe na garkuwar gaba ɗaya, wanda ake kira MHC na biyu. Mutumin da aka haifa babu shi, rayuwarsa tana cikin haɗari tun yana jariri. Kod kuwa yana yawonsa lafiya, ya ninka ƙwayoyin ɗaya reshen har kusan ɗari. Kafin nan, a 2005, an gano wani nau'in sojan garkuwa a tiraut da kifin zebra wanda babu shi a jikinmu, IgT, aka kuma nuna a 2010 cewa shi ne mai gadin hanji, daga baya aka same shi yana wannan aiki a fata da kuma inda kifi ke shaƙar iska. Ta waɗannan ƙofofi cuta ke shiga. Norwe ta rage amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a gonakin salmon da fiye da kashi 90 daga ƙarshen shekarun 1980, galibi albarkacin rigakafi, amma allura ake yi wa kifi ɗaya bayan ɗaya. Kifi mai tsada ne kaɗai zai iya ɗaukar wannan ɗawainiya. Rigakafin da za a zuba a ruwa ko a abinci, wanda ƙaramin manomi zai iya saye, ya dogara ne a kan fahimtar garkuwar fata da hanji, wato daidai sassan da kifi ya keɓanta da su.

Ko dokin teku, kifin nan da namijinsa ke ɗaukar ciki, da aka karanta nasa kundin a 2016 an ga wani gidan ƙwayoyi da ya ninku ana kunna shi a cikin jakar rainon, an kuma ga ya rasa ƙwayar da ke fitar da fikafikan ciki. Wannan ban ce zai cika wa kowa tumbi ba, daɗinsa kawai nake ji.

Akwai suka mai nauyi a kan duk wannan, kuma ba daga jahilai ta fito ba. A 2020 Caroline Weisman da Andrew Murray da Sean Eddy na Harvard suka nuna, a dangin yis da ƙwari, cewa da yawa daga cikin ƙwayoyin da ake cewa ba su da dangi, suna da shi, kwamfuta ce ta kasa ganewa. Idan ƙwaya gajera ce kuma haruffanta na saurin sauyawa, kamanninta da 'yan uwanta yana dushewa har manhajar bincike ta wuce ta. Ƙara da cewa kifaye sun haura jinsi 30,000, kusan rabin duk masu ƙashin baya, kuma waɗanda aka karanta kundinsu da kyau tsiraru ne. Ƙwayar da aka ce ta jinsi ɗaya ce a bana, baɗi a karanta maƙwabcinsa a same ta. Wasu ma ba ƙwayoyi ba ne, kuskuren na'ura ne. Saboda haka duk takardar da ta zo da dogon jeri tana cewa ga ɗaruruwan sababbin ƙwayoyi a kifi kaza, ni da kaina da taka-tsantsan nake karanta ta.

Na yarda da sukar. Sai dai ina ganin ba ta rushe maganata, gyara mata zama take yi. Abin da ta kashe shi ne sana'ar tara jeri, kuma wannan sana'ar ce ake biya a yanzu. Karatun kundin gadon mutum na farko ya ci kusan dala biliyan uku kafin a kammala a 2003, yau ana yin irinsa da ƙasa da dala dubu. Da abu ya yi araha haka, sai manyan shirye-shirye suka taso, irin su shirin Earth BioGenome na 2018 mai burin karanta duk wata dabba da tsiro da makamantansu masu suna, da wani da aka ƙaddamar a 2019 don kifaye dubu goma. Aiki ne mai kyau, shi ne ma zai rage kuskuren da Weisman ta nuna. Amma kowane sabon kundi yana zuwa da nasa tulin na waɗanda ba a san aikinsu ba, tulin yana ta hawa, masu rage shi kuwa ba a ƙara musu ko kwabo ba. Sannan manomi bai damu ba ko ƙwayar da ke kare karfasarsa daga cuta tana da wata 'yar uwa mai nisa da ta ɓace wa kwamfuta. Abin da yake so a faɗa masa shi ne me take yi.

Gano aikin kuwa wahala ne. Sai ka kashe ƙwayar a jikin kifi mai rai, ka raine shi, ka ga me ya lalace. Tun 2013 fasahar CRISPR, mai yanke DNA a inda ake so, ta sauƙaƙa kashewar a kifin zebra, wanda ke balaga cikin wata uku, ƙwansa kuma garau yake, kana kallon zuciya tana fara bugawa ta madubin ƙara girma. Amma ƙwayar da ke salmon kaɗai, a salmon za a gwada ta, shi kuwa sai ya yi shekaru kafin ya haihu. Na Antatika ma rainonsa a tanki kaɗai jidali ne. Ɗalibin digiri na uku yana da shekara uku zuwa biyar, tallafin bincike ma yawanci haka. Wane mai hankali ne zai ɗora makomarsa a kan ƙwayar da ba ta da suna, ba mai ambaton ta, kuma tana iya zama kuskuren na'ura? Ba kifi kaɗai abin ya shafa ba. Wani nazari daga Jami'ar Northwestern a 2018 ya nuna ko a ƙwayoyin gadon mutum, bincike ya taru ne a kan 'yan tsiraru da aka riga aka sani tun da daɗewa, sauran dubbai an bar su. In mutum bai tsira daga wannan ba, ina ga tarwaɗa.

Misalin da ya fi burge ni a nan daga Ostiriya ya fito. A 2018 ayarin Andrea Pauli suka bi wani ɗan gajeren furotin a jikin ƙwan kifin zebra, wanda ko a jerin ƙwayoyin da aka yi wa rajista ba ya ciki. Da suka kashe shi, maniyyi ya kasa shiga ƙwan. Da suka cire shi suka sa na medaka a gurbinsa, sai maniyyin medaka ya shiga ƙwan kifin zebra, jinsuna biyu da suka rabu tun fiye da shekara miliyan ɗari. Suka sa masa suna Bouncer. Daga baya aka tabbatar yana da ɗan uwa a dabbobi masu shayarwa, wanda ke jikin maniyyi maimakon ƙwai, kuma yana da hannu a haihuwar ɓera. Ka ga ashe ko mai neman amfanin ɗan Adam zalla, da ya bi abin da jeri ya tsallake da ya samu rabonsa.

Idan kuɗin jama'a bai yi wannan aiki ba, akwai masu yi, amma ba don kowa ba. Wani bincike na 2018 ya gano cewa kamfani ɗaya, BASF na Jamus, shi ke riƙe da kashi 47 cikin ɗari na jerin haruffan gadon halittun teku da aka yi wa rajistar mallaka. Ƙwayar da ta keɓanta da zuriya ɗaya ita ce ta fi daɗin mallaka, tunda ba a samun madadinta a wani wuri. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu da aka yi a birnin Cali na ƙasar Kolombiya a 2024 an amince da kafa asusun da kamfanoni masu cin riba daga irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba wani kaso. Madalla, amma rabon kuɗi bayan wani ya riga ya gano abu ya rufe, bai kai a gano shi a fili tun farko ba.

Abin da nake nema ba sabon gini ba ne. Duk hukumar da ta biya kuɗin karanta kundin gadon wani kifi, ta ware wani kaso a cikin kuɗin don gwada aikin ƙwayoyin da suka fito babu suna, bayan an tace su da irin ma'aunin Weisman an zubar da na bogi. Tallafin irin wannan aiki ya kai shekara bakwai zuwa goma, gwargwadon rayuwar kifin, ba gwargwadon kalandar ofis ba. A fara da jinsunan da mutane masu yawa ke kiwo amma kamfanoni ba su damu da su ba, tunda salmon yana da masu gidansa. A kuma tanadi wurin buga sakamakon da ya ce an kashe ƙwaya kaza ba a ga komai ba, domin a yanzu irin wannan a aljihun tebur yake mutuwa, wani ɗalibin a wata ƙasa ya sake ɓata shekarunsa a kan ƙwayar. Sannan a cire tambayar nan ta me zai amfana wa lafiyar ɗan Adam daga takardar neman tallafin binciken kifi, ko aƙalla a daina auna maki da ita, a sa masana kiwon kifi da na halittun ruwa a cikin kwamitin da ke yanke hukunci, ba likitoci kaɗai ba.